Butelin Shatu a Motar Maharazu

Duk Dungas babu wanda ya taɓa jin Maharazu ya ce "ban sani ba". In ka tambaye shi ciwon jaki zai ba ka magani, in ka tambaye shi ranar saukar ruwa zai faɗa maka har da sa'a, in kuma ruwan bai zo ba sai ya ce hadarin ne ya yi kuskure. Shi ya raɗa wa kansa Injeniyer, alhali iyakar karatunsa aji huɗu a lakwal, wato makarantar boko, a nan ma malamin ne ya riga shi gajiya.

Abin alfaharinsa a duniya wata tsohuwar mota ce kat-kat mai shan man gazuwal, wadda wani faroje na masu aikin raya karkara ya yi gwanjonta a Magariya tun Zalika, 'yarsa ta biyu, tana rarrafe. Ƙofar direba da igiya ake ɗaure ta, burki kuwa sai ka taka sau uku kana salati kafin ya tuna aikinsa. Shi yana kiranta Giwa. Mutanen gari suna kiranta Sai-an-tura, amma ba a gabansa ba. Ranar da aka kai Zalika ɗakin miji a Mallawa, Giwa ta ɗauki kayan ɗaki da guɗa da komai, ta je tudun rairayin da ke gab da gari ta ce ga garinku. Shanun amalanke biyu ne suka ja ta har ƙofar gidan ango, Maharazu yana zaune yana murza bolan, wato sitiyari, kamar shi ke tuƙi.

'Ya'yansa biyar duk mata, jikokinsa ma har lokacin duk mata. Yana son su, ba a nan take ba, amma akwai abin da ke cin ransa wanda ba ya faɗa: babu wanda zai ɗauki sunansa.

Ana cikin kaka, an fara ɗaurin harawa, yana zaune a teburin Mainassara mai shayi a bakin tasha, sai wayarsa ta yi ƙara. Alhaji Kyari ne, uban Sadiƙu mijin Zalika, abokinsa tun suna benci ɗaya a lakwal. Maharazu ba ya amsa waya a kunne, sai ya buɗe murya kowa ya ji, don a san da manya yake hulɗa.

"Injeniyer, barka da arziki. Zalika ta sauka lafiya. Namiji ne."

Maharazu ya miƙe tsaye har ya zubar da shayin na kusa da shi. "Allahu akbar! Takwarana ya iso!"

"Takwaran wa? Yaro a gidana aka haife shi, sunana zai ci."

"Haba Kyari, kai da ke da maza bakwai? Ni wa zan bar wa nawa, Giwa?"

Kyari ya yi dariya har da tari. "To, tunda ka ambace ta, ji nan. Ragon da Sadiƙu ya ba matarka Shatu kiwo yana gidanka. In motar nan taka ta shigo Mallawa da ƙafafunta huɗu, babu sa a gabanta, babu ƙato a bayanta, ta sauke ragon kafin liman ya shafa fatiha ranar suna, na bar maka. In ba haka ba, ga nawa ragon a turke, ga sunana."

"Ka fara koya wa bakinka faɗin Maharazu tun yau," in ji Maharazu, ya kashe waya.

Kowa ya san tudun rairayin nan yana nan inda aka bar shi, Giwa kuma ba ƙuruciya ta ƙara ba. Ga gazuwal ya yi tsada, ita kuwa tana shansa kamar raƙumin da ya fito daga hamadar Tenere.

Maganin ya zo masa ta waya. Wani ya turo bidiyo a zauren direbobi: wani Bature mai jan gemu ya ɗaura wa kat-kat irin tasa tankin gaz, motar tana cin gaz tana haɗawa da gazuwal, tana hawan dutse kamar akuya. Maharazu bai ji ko kalma ɗaya ba, amma da ya kalla sau uku sai ya ce ya gane har abin da Baturen ya manta bai faɗa ba. Ya tashi sai garajin Muttaƙa, ƙarƙashin darbejiya.

Muttaƙa ya fito daga ƙarƙashin wata mota, ya goge hannu, ya kalli bidiyon. "Ana yi, ba ƙarya ba ne. Na ga an yi a Kano. Amma da tankinsa na musamman, da abin da ke auna gaz daidai da yadda ka taka, da wanda ke datse shi in ka kashe kontak. Kuma ɗan kaɗan ake sawa, kamar man shanu a kan tuwo. Gazuwal shi ne tuwon."

"Duk wannan surutun Turawa ne don su sai da kaya. Butelin gaz ne da tiyo."

"Injeniyer, injin gazuwal makwaɗaici ne, duk abin da ya shaƙa ci yake. In gaz ya yi mishi yawa, ko ka kashe kontak ka sa makulli a aljihu ba zai ji ba. Ka kawo ta in wanke mata tankin mai in canza filtar, za ta hau tudun nan."

"Muttaƙa, shekararka nawa a ƙarƙashin mota?"

"Ashirin da biyu."

"Shi ya sa. Wanda ke ƙarƙashi ba ya hangen nesa."

Muttaƙa ya ce Allah ya ba da sa'a, ya koma inda ba a hangen nesa.

Buteli kuwa ɗaya ne a gidan Maharazu, na matarsa Shatu. Tun da lokotoro, wato likita, ya ce ƙirjinta ba ya son hayaƙi ta rabu da itace, ta koma girki a kan ɗan butelin nan mai kilo shida, wanda ake murɗa wa kan girki a bisa. Makunninsa ya taɓa tsagewa, ta naɗe shi da jan ƙyalle. Ko 'ya'yanta ba sa taɓa shi sai da izini.

"Shatu, butelin nan naki ya yi sauƙi. Bari in aika Magariya a musanyo kafin suna."

"Malam, shekaranjiya fa aka kawo shi."

"Yoyo yake yi. Ke ba za ki ji ba, sai kunnen injeniyer."

"To ka cire mini kan girkin."

"Ai shi za a duba."

Ta bi shi da kallo har ya fita da shi a kafaɗa. Shekara talatin tana zaune da shi, ta san in ya yi magana yana kallon katanga akwai wata a ƙasa, sai dai ba ta gano wace ce ba.

A bayan tasha aka yi aikin. Ya cire farantin da ake ɗora tukunya, ya cusa wa bakin butelin tiyon ban ruwan lambu, ya ɗaure da robar tayar keke. Ya bi da tiyon ta ƙarƙashin kujeru, ya fitar da shi ta wata huda da tsatsa ta riga ta yi masa kyauta, ya kai shi maƙogwaron inji, inda yake shaƙar iska. Kafin ya gama rabin tasha ta kewaye shi. Ya yi musu jawabi cewa daga yau gazuwal ya zama tarihi, kuma nan da baɗi motocin Damagaram za su yi layi a ƙofar gidansa.

Ya murɗa makunni. Tiyo ya fizge daga bakin inji ya shiga tsalle a ƙasa yana huci kamar kububuwa. Wari ya game wuri. Barau mai tsire ya kwara wa wutarsa ruwan wanke hannu, ya ɗauki tirensa ya bar unguwar. Mainassara da mutum biyu suka ɗaga teburin shayi ɗungurungum suka tsallaka titi da shi. Wani dattijo da ke shirin kunna taba, mutum huɗu suka danne shi. Wanda ya riga kowa gudu kuwa Maharazu ne, sai da Muttaƙa ya rufe hanci ya je ya kashe abin sannan ya dawo yana gyara hula.

"Iska na je dubawa, in ga ta ina take kaɗawa."

"Har bayan masallaci?" in ji Mainassara daga tsallake.

"A can ta fi fitowa sosai."

Ya sake ɗaure tiyon, wannan karon da waya. Ya ta da mota, ya ɗan buɗe makunni kaɗan. Abin haushi, sai ta yi. Wallahi da ta ƙi, da kowa ya huta. Muryar Giwa ta sake, ta yi kauri, ya ja ta ya hau tudun da ake ɗiban ƙasar gini ya sauko, abin da rabonta da yi tun zamanin faroje. Ya fito yana tafiya kamar wanda aka naɗa, ya sa gawayi ya yi wa makunnin alama daidai inda ya tsaya.

"Iyakar nan," in ji Muttaƙa. "Kar ya wuce nan ko da ƙwayar gero."

"Ka ji ɗalibi yana koya wa malami."

Kwana uku Shatu tana suyar cincin da dubulan na suna a kan murhun itace, idonta ja wur, tana tari. Kullum ta tambayi buteli sai ya ce ai Magariya gaz ya yanke, layi har bakin kasuwa. Gaskiya ya ji ba daɗi, don yana son matarsa. Amma duk lokacin da tausayi ya taso masa sai ya tuna wani ɗan jariri mai suna Maharazu, tausayin ya koma ya kwanta.

Ranar suna ana sallame asuba aka yi lodi. Maharazu ya riga kowa fita, ya girke buteli a can baya, ya buɗe shi daidai alamar gawayi, ya lulluɓe shi da damin harawa har ba a ganin komai. Aka cicciɓo rago aka sa a gefensa, wani fari tas mai wuyan bijimi, wanda Shatu ta yi wata bakwai tana ba shi dusa da hannunta. Wurin ɗauri babu, don duk ƙugiyoyin motar sun daɗe da tafiya. Maharazu ya zura hannu cikin harawa ya naɗa igiyar sau biyu a wuyan buteli, can wajen jan ƙyalle, ya ce ai babu turken da ya fi wannan nauyi.

Shatu ta shiga gaba. Yayarsa Ƙande, wadda bakinta ba ya ajiye magana ta kwana, ta cika kujerar tsakiya ita da kwanukan cincin. Muttaƙa ya ce shi ma an gayyace shi, amma a kan babur ɗinsa zai bi su, daga nesa, da jiƙaƙƙen buhu a baya.

Ba su bar gari ba Shatu ta ɗaga hanci. "Malam, warin gaz nake ji."

"Kewar butelinki ce ke damunki."

Tafiya ta miƙa, gari ya waye, gonaki sun yi fayau an kwashe gero sai kara a tsaye. A baya rago ya sa kai ya fara karin kumallo da harawa. Da suka zo wata rijiya da ake ba tumaki ruwa ta hannun hagu, rago ya ɗaga kai ya hango su, ya miƙa wuya ta taga ya ja igiya. Igiya ta murza jan ƙyalle. Giwa ta yi wani irin zillo, kan Ƙande ya bugi rufi, murfin kwano ya tashi.

Ƙafar Maharazu ko motsi ba ta yi ba. Amma ya dubi Shatu ya ce, "Kin ji? Shafa ta kawai na yi."

Da aka wuce rijiya rago ya juya dama ya koma kan harawarsa, igiya ta mayar da makunni, Giwa ta koma tafiyar dattawa. Suka wuce garken shanu, ba ta ce komai ba. Suka wuce raƙuma uku, shiru. Can gaba wata mata tana kora tumaki biyar, Giwa ta sake ɗaukar wuta.

"Maharazu," in ji Ƙande tana dafe da kwano da hannu biyu, "motar nan taka tumaki take so ne?"

"Yaya, ke da ba ki san inji ba. Iskar wurin ce take da kyau."

"Yo iskar ba ta kyau sai inda tunkiya take?"

A wani ƙauye ya hango wani tsohon fasinjansa a bakin hanya, wanda ya taɓa cewa jaki ya fi Giwa sauri. Ya rage tafiya don ya ba shi labarin fasaha, ya leƙo da kai ya ce, "Malam Barmo, ka ga abin da ilimi..." Ashe mutumin tunkiya yake ja a bayansa. Ragowar maganar sai a gonar gaba aka ƙarasa ta.

Rana ta ɗaga lokacin da suka iso tudun rairayi. Maharazu ya yi bisimilla ya taka iya ƙarfinsa. Giwa ta hau rabi, ta fara nishi, tayoyi suna tona, tafiya ta koma ta hawainiya. Daidai nan ne ta mutu ranar biki, har gawon da suka sha inuwarsa yana nan. Ya hango hasumiyar masallacin Mallawa, ya ji a ransa ana kiran wani jariri Kyari, ya fara karanta duk addu'ar da ya iya, har da ta shiga kasuwa.

Sai ga wani makiyayi ya ɓullo a ƙwanƙolin tudu da tumaki sun fi ɗari. Rago ya miƙe a kan ƙafafun baya. Giwa ta yi gurnani, ta watsa rairayi sama, ta haye tudun kamar an harba ta.

"Injeniyer!" Maharazu ya yi wa kansa kirari yana dukan bolan. "Ina Kyari? Ina Muttaƙa? Ina shanun amalanke?"

Ƙande ta waiwaya don ta ga ko ragon yana da rai. Harawa ta ƙare tas. Ga buteli tsirara, ga tiyo, ga igiya a naɗe.

"Shatu, ba jan ƙyallenki ba ne wancan?"

Shatu ta juya ta duba. Ta daɗe tana dubawa. Sannan ta gyara zama, ta ce a hankali, "Malam, ashe Magariya a bayan motar nan take?"

"Ki bari mu isa, zan miki bayani na ilimi."

Ai kuwa sun isa. Ƙofar gidan Alhaji Kyari fili ne babba, da wani ƙaton durumi a tsakiya. An shimfiɗa tabarmi, maza sun cika, liman ya zauna, ana rabon goro. A jikin durumin kuma ga ragon Kyari a ɗaure, baƙi mai murɗaɗɗen ƙaho. Ragon Shatu ya hango shi, shi ma ya hango ragon Shatu. Wannan ba sha'awar tunkiya ba ce, maganar maza ce. Ya ja da baya ya fizgi igiya da duk dusar wata bakwai, makunni ya buɗe har ƙarshe, igiya ta cije.

Giwa ta kurma ihun da ba a taɓa jin irinsa a Mallawa ba. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe, inji yana ƙwanƙwasa kamar mata goma suna daka a turmi ɗaya. Maharazu ya taka burki sau uku da salati, sau uku babu salati, burki ya ce bai san zancen ba. Ya kashe kontak, ya zare makulli, ya dube shi a hannunsa, mota tana ta tafiya. Ya fitar da bitesi, wato giyar mota, inji ya yi wata ƙara kamar zai tashi sama ya bar su, ya yi maza ya mayar. Gabansa lungu ne, mata sun jera tukwane. Babu yadda zai yi sai ya karya bolan hagu ya shiga zagaya durumi.

To, ga inda tsiyar take: muddin yana zagaya durumi ta hagu, baƙin rago yana gaban idon farin rago. Muddin yana ganinsa kuwa ba zai saki igiya ba.

Maza suka kwashi tabarmi suka manne a gindin itace, liman ya hau saiwa yana riƙe da carbi da takalmi ɗaya. Maharazu kuwa ko a wannan hali bai yarda a ce ba shi da ladabi ba. Da ya zo daidai jama'a ya leƙo.

"Salamu alaikum!"

Sai a zagaye na biyu aka amsa masa. Kyari ya ɗaga murya, "Injeniyer, ka tsaya mana!"

"Gwaji nake nuna muku!"

Zagaye na uku: "Ku shaida na iso! Babu sa, babu ƙato!"

"Cewa na yi ta sauke rago!" in ji Kyari, yana riƙe da ciki don dariya.

Zagaye na huɗu Ƙande ta leƙo ta taga, ɗankwali a karkace. "Jama'a ku yafe mini! Wanda na taɓa zagi ya yafe, ban da wannan na gaba!" Cincin yana zuba ta ƙofa yana zana da'ira a ƙasa, kajin unguwa suna bin sa a guje.

Ana na biyar Muttaƙa ya iso, ya yar da babur, ya bi motar da gudu da jiƙaƙƙen buhunsa. "A rufe buteli! Buteli za a rufe!"

"Wane buteli?" in ji Maharazu. Ka ji mutum, rai a hannun Allah amma yana gyara ƙarya.

Liman ya dubi rana ya dubi Kyari. "Alhaji, hantsi ya yi, mutane suna da sussuka. A kawo ragon da ke ƙasa mu shafa fatiha." Kyari ya share hawaye ya yi wa mahauci alama. Maharazu ya ga mahauci ya nufi baƙin rago yana gwada kaifin wuƙa a babban yatsa. Nan ne injeniyanci ya zube. Shi ba zai saki bolan ba, Ƙande ko juyawa ba ta iya yi, rago kuma mutum ɗaya yake jin maganarsa a duniya.

"Shatu," ya ce, "don Allah, don Annabi."

Shatu tana zaune ta harɗe hannu kamar a tsakar gidanta. "Me zan yi, Malam?"

"Ki rufe shi."

"In rufe me? Ai yana Magariya. Layi har bakin kasuwa."

"Yana baya! Ni na ɗauka!"

"Kwana uku ina shan hayaƙi. Ni na ji, mutanen Mallawa ne ba su ji ba."

Suna zuwa daidai durumi Maharazu ya fitar da kai har kafaɗa, ya rufe ido, ya kwarara: "Jama'a! Na sace butelin matata! Ba ni ke tuƙi ba, rago ne!"

Shatu ta ɗaure mayafi a ƙugu. Ta taka kujera, ta bi ta kan Ƙande da kwanukanta, ta dira a baya. Ta kama kunnen rago ta ce, "Kai, Ɗan Lele, ban son iskanci." Ta tura masa cincin cike da hannu. Rago ya manta da gaba, ya sunkuya, igiya ta saki. Ta sa yatsa biyu ta murɗa jan ƙyalle, yadda take yi kullum in tuwo ya nuna.

Giwa ta yi tari sau biyu, ta gangara a hankali, ta tsaya tsaf, hancinta kamu ɗaya daga saiwar da liman yake kai. Ruwan inji yana tafasa, kaji suna tsattsagar cincin. Muttaƙa ya buɗe ƙofar baya, rago ya diro da kansa yana tauna. Bayansa Shatu ta sauko da buteli a ka, ya yi raɓa don sanyi, ta gai da maza a ladabce ta shige cikin gida.

Sai a lokacin dariya ta ɓarke. Liman da kansa sai da ya zauna a kan saiwa ya rufe fuska da rawani. Maharazu ya kwance igiyar ƙofarsa ya fito, makulli a hannu, bai ce uffan ba. Mutanen da suka san shi sun ce wannan ne karo na farko.

Kyari ya ɗaga hannu. "Alkawari kaya ne. Na ce babu sa a gaba, babu ƙato a baya, kuma babu su. Rago ya tuƙo, mace ta tsayar, amma ban hana wannan ba. Malam, a raɗa wa yaro Maharazu."

Aka shafa fatiha, aka yanka farin rago, maroƙi ya ɗaga murya ya sanar. Maharazu ya ji sunansa ya tashi sama a bakin jama'a, hawaye suka zubo masa na gaske. Kafin a gama rabon goro har ya fara farfaɗowa, an ji shi yana gaya wa wani cewa dabarar igiyar nan da gangan ya yi ta.

Abin da ya manta shi ne al'ada. Zalika ba za ta buɗe baki ta kira sunan ubanta ba, Sadiƙu ba zai kira na surukinsa ba, Shatu kuwa shekara talatin ba ta taɓa faɗarsa ba. Yaron da ya ci sunan kaka dole a nema masa laƙabin da za a riƙa kiransa da shi, kuma mata ne ke zaɓa a cikin gida. Ƙande tana zaune ana shafa mata man zafi a ƙugu, aka miƙo mata jariri. Ta dube shi, ta dubi abin da Shatu ta girke a tsakar gida tana ɗumama miya da ɗan sauran da ya rage, ta ce, "Sannu da zuwa, Maibuteli." Guɗa ta tashi.

Kafin azahar duk Mallawa ta ɗauka. Maharazu ya tsaya a bakin zaure yana aika saƙo ciki: a ce Abba, a ce Baffa, a ce Magaji, ko ma Injeniyer ƙarami. Shatu ta leƙo ta bayan labule.

"Malam, ba so kake a riƙa tunawa da kai ba? An tuna."

Da la'asar aka zo tafiya Giwa ta ƙi tashi, Muttaƙa ya leƙa ya ce ta ƙone ciki sai an sauke inji. Kyari ya ba da aron shanun amalanke, waɗancan dai na ranar biki, suka ja ta har garaji, Maharazu yana ciki yana murza bolan. Shatu ta bi motar kasuwa, buteli a kan cinya.

Yaron yanzu ya yi wayo, har an sa shi lakwal. A takarda sunansa Maharazu Sadiƙu, amma daga Mallawa har Dungas mutum ɗaya ne tak yake kiransa da shi, wato kakansa. In ya kira kuwa, sai yaron ya waiwaya ya duba bayansa, ya ga ko da wa ake.